Munduwar Mero

Mero ta damƙe hannun wata yarinya a layin masu manja na kasuwar Gwaram, har ƙwaryar nonon da ke kan Mero ta yi tangal-tangal.

"Ina kika samo munduwar nan?"

"Inna, sake ni mana! Mijina ya sayo mini."

Sunanta Kubra, amarya ce daga Kwandiko. Nan da nan mutane suka taru. Mero ta ce tun lokacin kaka mundayenta biyu na azurfa, gadon mahaifiyarta, suka ɓace daga cikin adaka a gidanta na Fagam. Ba ta gaya musu cewa a kansu ta zargi maƙwabciyarta Azumi ba, har yau ko gaisawa ba sa yi.

Wani dattijo ya ce su je wurin Maikano maƙerin farfaru, shi ya san alamar kowane maƙeri daga nan har Birnin Kudu.

Suka tarar da shi a rumfarsa, wuta a mace. Tun da kuɗin mai ya shigo mata suka koma wa gwal, aikinsa ya zama gyaran 'yan kunne. Ya karɓi munduwar ya kai ta bakin haske, yana shafa cikinta da babban yatsa.

"Kun ga jinjirin watan nan da ɗigo a tsakiya? Hannun mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Na Birnin Kudu kibiya suke bugawa."

"To kun ji!" in ji Mero. "Shi ya ƙera wa innata."

"Ya ƙera wa mata da yawa, Mero. Amma wannan na san ta." Ya juya munduwar a tafinsa. "Wani saurayi ya kawo mini su biyu, motar Fatakwal na jiransa. Na saya, na sayar wa mijin yarinyar nan guda. Dogo ne, da tabon ƙahon bijimi a girarsa ta hagu."

Mero ta nemi kututture ta zauna. Ita da kanta ta wanke ciwon nan da ruwan gishiri lokacin da Iliyasu, ɗanta guda tilo, yake bin shanun babansa. Da zai tafi neman aikin kamfanin mai, cewa ya yi abokinsa ne ya biya masa mota.

"Inna, kin san shi?" Kubra ta tambaya.

"Ban san shi ba. Munduwar ma da na duba, ba tawa ba ce. Ki yafe ni, 'yar nan."

Kubra ta zura abarta ta fita tana ƙunƙuni, 'yan kallo suka watse. Mero ta daɗe zaune, ƙudaje na bin nonon da ba ta sayar ba. Ga hanyar Fagam a gabanta.

Maikano ya jawo wani tsumma daga ƙarƙashin buzunsa ya warware. Ɗaya munduwar ce.

"Na kasa sa aikin tsoho a wuta. Ɗauki abarki, ba na son komai."

Mero ta dube ta, ba ta miƙa hannu ba. Ta gyara gammo, ta ɗora ƙwarya.

"Narkar da ita, Baba. Kada wani ya sake ganewa."