Ranar da Inna Ladi Ta Ƙi Durƙusawa

Duk wanda ya gan ni a ofishinmu na Sama Road, da gashin bakina da biro uku a aljihu, ba zai taɓa kawowa a ransa cewa ni ne Inna Ladi mai awo ba. Sunana Arzika, akawu ne ni, kuma ina da irin fuskar da masu neman fayil kan gaishe ta sau biyu kafin su faɗi abin da ya kawo su. Amma duk Laraba da la'asar nakan shiga gidan rediyo, in matse hancina da yatsu biyu, in siranta murya, sai ga wata dattijuwa mai sayar da hatsi ta fito daga maƙogwarona tana wanke mutanen gari tas.

Ban sha wahalar ƙirƙiro ta ba. A gindin buhunan gero na tashi, domin mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, mai awo ce a kasuwa. Inna Ladi ba ta raga wa dillali, ba ta raga wa ɗan kwangila, balle mijinta Malam Bawa. Matan Sakkwato sun ɗauke ta tamkar 'yar ɗakinsu. In an fara shirin, ko daka ake yi sai an jingine taɓarya.

Ban da ma'aikatan gidan rediyon, babu wanda ya san ni ne, kuma na fi tsaron wannan sirri fiye da makullin ofis. Ina da surukai, ina da majalisar da nake zama ana ba ni wuri, ina da ƙananan akawuna da nake yi wa tsawa. In suka ji cewa ni ne mai cewa "wayyo ni 'yasu" a rediyo, to, na gama yawo a garin nan.

Ba ma rubuta wasa a takarda. Akan faɗi yadda labari zai tashi da inda zai sauka, saura kowa ya ƙaro daga bakinsa. Abu ɗaya ne kawai ba ya canzawa. Tun farkon shirin wasu dattawa suka yi ƙorafi cewa matar nan ta cika baki, sai na yi dabara: a ƙarshen kowane wasa, komai gaskiyarta, Inna Ladi za ta durƙusa ta ce, "Malam, na yi kuskure, ka yahe mini." Da jin wannan sai mai kula da na'ura ya saki kiɗan rufewa. Ni kuwa don muryar ta fito daga ƙasa sosai, nakan durƙusa da gaske a gaban makirufo. Har kanta ta fito mini a gwiwa, ina gaya wa matata wai yawan nafila ne.

Ana nan sai kuɗin man fetur suka ɓarke. Gari ya cika da sababbin babura da buhunan siminti, gwamnatin soja ta buɗe gidan talabijin, aka kafa akwatunan kallo a unguwanni. Mai shirya wasanmu, Siddiƙu, ya dawo daga kwas da wando mai faɗin ƙafa da sababbin ra'ayoyi. Ya tara mu ya ce Inna Ladi za ta koma talabijin, kuma kai tsaye za a riƙa nunawa.

Ba kunya ba tsoron Allah na ce zan iya. Na ce zan aske gashin baki, in ja lulluɓi har hanci, ba mai gane ni. Siddiƙu ya yarda a gwada. Aka ɗaura mini zani, aka ɗora mini gyale, na tako gaban kyamara ina rangwaɗa. Mai ɗaukar hoto ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Da aka nuna mini kaina a akwatin, sai na ga wani ƙato da kafaɗu kamar mai dakon itace ya saci kayan matarsa.

Siddiƙu ya share hawaye ya ce, "Malam Arzika, mace muka so, ta gaske. Kai kau mu ba ka Malam Bawa."

Wato daga tauraruwar shiri na koma mijinta, mutumin da aikinsa a wasan bai wuce shan zagi da gyaran hula ba. Na ji zafin abin ƙwarai.

Samun macen ya zama aiki. Siddiƙu ya zaga gidajen 'yan kasuwa, ko'ina a ba shi ruwa da goro a rako shi. Kowa na son Inna Ladi, ba mai son a ga 'yarsa a akwati. Ni kuwa ina ta murna a ciki. Kwatsam wata rana ya shigo da Malama Dorcas, malamar firamare daga Sabon Gari. Iyayenta daga wajen Kagoro suka zo, amma a nan aka haife ta, kuma ita ke shirya wasan Kirsimeti a cocinsu. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, tana kallon mutum kamar tana duba aikin gida.

Na ja Siddiƙu gefe na ce, "Yanzu Inna Ladi, wadda ad da carbi a wuya, ita za ka ba Kirista?"

Ya ce, "Kai da kay yi ta shekara da shekaru, mace kake? Garin ga na kowa na, kowa ya ga nashi cikin akwati."

Sai na gyara hula. Ashe har na fara shiga aikin Malam Bawa.

Aka ɗora mini koya mata. Ku ji fa: ni Arzika, na zauna ina koya wa uwar 'ya'ya huɗu yadda mace take tafiya, da yadda take tafa hannu in ta ji abin mamaki, da yadda take murguɗa baki. Ta saurare ni da haƙurin da take yi wa 'yan aji ɗaya. Da na ce ta matse hanci, sai ta ce, "Malam Arzika, ai ni muryar tawa a haka ta zo." Abin haushi, da ta buɗe baki a gwaji, sai na ji Inna Ladi ta fi tawa. Ba ta ihu yadda nake yi. A hankali take ajiye magana, ta bar ta ta yi aikinta.

Wasan farko a kan ɓoye hatsi ne, abin da ke damun kowa a lokacin. Malam Bawa ya haɗa baki da dillalai ya kulle gero a sito don ya yi tsada, Inna Ladi ta gano, ta tona shi. Da muka zo ƙarshe na nuna mata inda za ta durƙusa.

Ta ce, "Me ta yi?"

Na ce, "Malama, haka anka saba."

"Shi ya ɓoye abincin mutane, ita za ta ba da haƙuri?"

Na yi mata dogon bayani a kan dattawa da zaman lafiya da kiɗan rufewa. Ta gyara mayafinta ta ce, "To, Allah Ya kai mu." Ni da wayona na ɗauka ta yarda.

Ranar Laraba bayan magariba aka kunna fitilu. Zafin ɗakin ya isa ya gasa masara, ga ni cikin babbar riga mai aiki, gumi na bin bayana. Aka jera buhuna, aka ba Malama Dorcas mudu da faifai. Jar fitilar kyamara ta kama, na san a wannan lokacin rabin Sakkwato na tsugune gaban akwatunan unguwa.

Wallahi ta yi wasa. Ta dube ni ta ce, "Malam, geron da kaɓ ɓoye, da wane baki za ka ci shi? Maƙwabtanka na kwana da yunwa, kai kana kwana da makulli." Na kare kaina iya yina, ta bi kowace hujja ta kakkaɓe. Har na manta ina jin haushinta, na shagala da saurare.

Sai muka iso ƙarshe. Na gyara tsayuwa, na turo ciki, na miƙa hannu irin na mai shirin yafiya. Malama Dorcas ta koma kan tabarma, ta ɗauki mudu ta ci gaba da awo abinta. Ko kallona ba ta yi ba.

Na yi gyaran murya. Ba ta ɗago ba. Na sake yi. Sai ƙarar gero kawai ke zuba a faifai. Mai na'ura na can yana jiran kalmar da ya saba ji kafin ya saki kiɗa, don ba wanda ya ba shi wata alama. Siddiƙu na bayan kyamara yana juya hannu kamar mai tuƙa tuwo, ma'ana a rufe, a rufe. Ga hannuna a miƙe, ga gari na kallo, ga shiru ya yi tsawo. A duk shekarun da na yi a rediyo ba a taɓa barin shiru irin wannan ba, domin kullum ni ke cike shi.

Ban san lokacin da gwiwoyina suka kai ƙasa ba. Yatsuna biyu suka tafi hanci da kansu. Sai ji na yi muryar Inna Ladi, wadda kowane gida ya haddace, ta fito daga ƙarƙashin gashin bakina: "Malam, na yi kuskure, ka yahe mini."

Malama Dorcas ta tsayar da awo. Ta dube ni daga hula har gwiwa, ba ta ko yi murmushi ba, ta ce, "Tashi, na yahe maka. Gobe da sahe ka buɗe sito." Sai kiɗa ya tashi.

Washegari na tafi ofis a kan babur ina jin kamar kowa da ke bakin titi ni yake nunawa, kuma ba zato ba ne, ni ɗin suke nunawa. Mai gadi ya buɗe mini ƙofa yana kallon sama. Ƙananan akawuna suka miƙe gaba ɗaya suka ce, "Inna, an tashi lahiya?" Na buga tebur na yi tsawa, sai wani ya matse hancinsa a bayan fayil. Ranar ban sa hannu a takarda ko ɗaya daidai ba. Surukina kuwa ya aiko a tambaye ni ko lafiya nake.

Da la'asar na kasa komawa gida, sai na wuce wurin yayata Dijatu, wadda ta gaji rumfar mahaifiyarmu. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake. Na zauna na fara kame-kame, wai wasa ne aka shirya haka.

Ta ce, "Bari wahal da kanka, Arzika. Tun ran da nif fara jin shirin ga na san kai na. Wa as san zagin Innarmu in ba ni da kai ba? Hat tsakin nata ka ɗauko."

Na ce, "Yaya, kin sani ba ki taɓa hwaɗi ba?"

"Mi za ni hwaɗi? Ina jin daɗi. Kowace Laraba kamar ta dawo gidan ga." Ta ture faifan gefe. "Amma in an kusa ƙarewa kashe rediyo nikai. Ka taɓa ganin Inna ta durƙusa ma wani tana bisa gaskiyatta? Ko Baba bai ga haka ba. Kai ka kai ta ƙasa kowane mako don tsoron bakin tsohhi. Jiya na zauna gaban akwatin unguwa ina shirin tashi, sai nig ga ɗiyar mutane ta bar ta zaune tana awonta."

Ni da na zo neman a lallashe ni kan gashin bakina, sai na ji kunyar da na kwaso daga ofis ta zama ƙarama, wata ta danne ta.

Ta shiga ɗaki ta fito da tsohon mudun mahaifiyarmu, wanda bakinsa ya goge saboda hannu. Na sha roƙonta ta ba ni shi in ajiye, tana hana ni. Na miƙa hannu biyu, zuciyata ta yi sanyi.

Ta ce, "Ba naka ba na. Ka kai ma Malama Dorcas. Ka ce mata da shi za ta riƙa awo ran Laraba."

Na ɗaure mudun a bayan babur na kama hanyar Sabon Gari. A mararraba wasu mata masu dawowa daga kasuwa suka gane ni, ɗaya ta ɗaga murya ta ce, "Malam Bawa, an buɗe siton?"

Na rage gudu na ce musu an buɗe.