Sunan da Ke Kan Katin Inna

Yaya Zubaida ta haihu ranar Alhamis a Abuja, tiyata aka yi mata. A gida ya kamata ta haihu tunda haihuwar fari ce, amma likita ya hana ta hawa hanya tun cikin yana wata bakwai. Mijinta Alamin ni ya kira, don ba ya iya dogon zance da surukarsa. Ya ce in nemi jirgi mai araha daga Sakkwato, Inna ta iso kafin suna. Ya san bayanta ba ya ɗaukar zaman mota, ko Gusau ta je sai ta kwana biyu tana shafa man zafi.

Ni ce 'yar makaranta a gidanmu, ina shekara ta biyu a poli ta nan Ƙaura, don haka duk abin da ya shafi waya ni ake miƙa wa. Na samu wani sabon kamfani da ya karya farashi, jirgin Laraba da yamma. Ba abinci, ba babban kaya, jakar hannu kawai mai kilo bakwai. A saman shafin akwai wani ɗan agogo da ke ta raguwa, wai in ya ƙare kujerar ta tafi.

"Inna, ina katinki na ɗan ƙasa?"

"Shina Zurmi wurin Kawunki Bawa, tun lokacin rubutun taki. Mi za ki yi da shi?"

Saura minti huɗu, sabis kuma na zuwa yana tafiya. Na yi sauri na rubuta Uwani, sunan da kowa ke kiranta da shi tun da na buɗe ido, na bi shi da Liman, sunan marigayi Babanmu. Na biya da kuɗin da Alamin ya turo. Har wani daɗi na ji da saƙon ya shigo.

Kwana uku muka yi muna fama da kilo bakwai ɗin nan. Inna ta haɗa kanwa, da surfaffen gero, da daddawa, da yajin jego, da man shanu a gora, da zannuwa biyar. Muka kai jakar kan sikelin Ladan mai hatsi a bakin kasuwa, ta tashi kilo goma sha tara.

"Hajiya, ganin jika za ki ko ƙaura za ki yi?" in ji Ladan.

"Kai dai duba sikelinka da kyau, mun san halinsa. Kuma Hajiyar ka aje ta tukuna, Abuja za ni ba Makka ba."

Ta cire geron, ta ce ai ko a can ba a rasa gero ba. Ta mayar da rabinsa. Ta cire zannuwa uku ta ce za ta ɗaura su duka a jikinta, su zo su auna ta in sun isa. Ba ta taɓa kama sunan Yaya Zubaida ba, 'yar fari ce. Sai dai ta ce, "Yarinyar nan ba ta san komi ba, ko kunun kanwa ba ta iya damawa." Ta faɗi haka ya fi sau goma, tana ƙulle leda tana kwancewa.

Ranar Talata da hantsi Kawu Bawa ya kawo katin da kansa. Awa uku suka yi daga Zurmi, ya ce sun tsaya jiran motar sojoji ta shige gaba. Ya miƙo mini shi a cikin ledar burodi. Hoton Inna ne, da ɗan tabon goshinta. Amma a ƙasa an rubuta Atika Mainasara.

Na karanta sau uku. Na ce, "Kawu, an yi kuskure a katin nan."

"Wane kuskure?"

"Wace ce Atika?"

Inna da ke tankaɗe ta ɗago da sauri kamar na yi zagi. Kawu Bawa ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Ke ɗiyar boko! Shekara goma sha tara kina cin tuwonta ba ki san sunanta ba? Sunan kakarmu na, uwar Baba. Wa zai kama shi cikin gida? Shi ya sa anka ce Uwani."

"To ai ba wanda ya taɓa faɗa mini."

"Wa kike so ya faɗa miki? Ni?"

Mainasara kuwa na sani, kakana ne, sai dai ban taɓa kawowa a raina cewa sunan ubanta ta bayar ba na mijinta ba. Na koma cikin saƙon kamfanin na gangara ƙasa, inda rubutun ya yi ƙanana. Dole sunan tikiti ya zama daidai da na kati. Da na karanta wurin nan ranar farko, da na jira. Ni da nake karanta har takardar da aka naɗe ƙosai da ita.

Na tafi bayan tashar jirgin ƙasa, nan ne sabis ke ɗan tsayawa. Na kira lambarsu, kiɗa ya yi ta yi. Ya yanke, na sake kira. Rana ta dawo tsakiyar kaina, awaki na kiwo a tsakanin ƙarafan dogo. A kira na biyar wata mata ta ɗauka, muryarta a gajiye kamar tawa. Na yi mata bayani da Turancin da nake da shi, ina ta in-ina. Ta ce suna gyara harafi ɗaya zuwa uku, ba suna biyu cur ba. Na ce mutum ɗaya ce, uwata ce, zan iya kawo takardar rantsuwa daga kotu. Ta ce irin tikitin da na saya ba a canza shi, ba a mayar da kuɗinsa, an rubuta a wurin. Ta ce in ina so in sayi wani. Da na duba, na gobe ya ninka uku.

Na dawo gida. Na zauna a bakin rijiya na faɗa musu komai. Na ce bari in kira Alamin, ko zai iya ƙarowa.

"Kul," in ji Inna. "Yaron da ya gama da asibiti, ga rago na jiransa? In ce masa mi? Ɗiyata ba ta san sunana ba?"

"Inna, laifina ne."

"Ban tambaye ki na wa na ba."

Kawu Bawa ya ce a je filin jirgin haka nan, a roƙe su, ai mutane ne, in sun ga tsohuwa za su ji tausayi. Inna ta ce ta hau mota har Sakkwato a koro ta, sannan ta sake hawa wata? Ta kalli jakar. Can ta ce in ɗauko mata sauran geron da zannuwan, tunda mota ba ta auna kaya.

Na rubuta wa Alamin cewa an samu matsala da jirgin, Inna na tafe ta hanya. Bai tambayi ko wace iri ba.

Da sassafe ranar Laraba na raka ta tasha. Na roƙi direba ya ba ta gaba, ya ce an riga an kama. Ta shiga baya, tsakanin wata mai goyo da wani ɗan tireda mai zuwa saro kaya, na cusa mata matashi a ƙugu. Ba ta yi mini faɗa ba, ni kuma da ta yi da ya fi mini. Ta ce dai in riƙa ba kaji ruwa.

A Gusau motar Abuja ba ta cika ba sai bayan azahar. Da suka kai Zariya magariba ta yi, direban ya ce shi ba ya shiga hanyar Kaduna da duhu ko nawa za a ba shi. A tasha suka kwana. Da safe aka raɗa wa jaririn suna Bilyaminu, aka yanka rago, ita tana cikin cunkoson motoci a Kaduna.

Sai bayan la'asar Yaya Zubaida ta kira ni, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ta iso. Asiya, ba ta iya miƙewa, sai da Alamin da maƙwabcinmu suka kamo ta daga mota. Ga ta nan kwance a tabarma, ko jaririn ba ta iya ɗauka ba, sai dai na kwantar da shi kusa da ita."

"Ba ni ita."

"Ta ce ta gaji, sai gobe. Wai mi ya faru da jirgin ne?"

Kafin in fara bayani ta katse ni. Ta ce in bari ta kira ni an jima, ruwan da ta ɗora za ta gasa wa Inna baya ya tafasa, kuma ɗinkin ba ya barin ta ta yi sauri.