Kwana Goman Kafinta

A gidanmu ba a kama mutum a zaune. Da mun ji tarin Baba a bakin ƙofa kowa zai zabura, Umma ta ja tsintsiya, ni in hau goge teburin da na riga na goge. Baba kafinta ne, kuma a wurinsa mai zaman banza da ɓarawo duk tafiyarsu ɗaya.

Idonsa na hagu ya mutu tun ina ƙarama. Na daman ne aka yi wa aiki ranar Talata. Da za a sallame mu, likita ta dube ni ta ce, "Kwana goma zai yi a kwance. Ban da sunkuyo, ban da ɗaga kaya. In ɗinkin nan ya ɓalle, ba ni da wani idon da zan ba shi."

Na ɗauki hutu a wurin aiki, na kulle shagonsa, na jefa makullin a jakata. Kwana uku yana kwance da bandeji a fuska, ba ya ganin komai, yatsunsa na ta shafa gefen gado suna neman inda ƙusa ta saki. Mu kuwa, da shegen halin da ya koya mana, muka dage da shara da wanki da goge-goge, wai don ya ji gida bai tsaya ba.

Rana ta huɗu da hantsi ina shanya sai maƙwabcinmu ya buga ƙofa, ya zo dubiya. Kafin in ajiye rigar hannuna na ji ana jan wani abu mai nauyi a ɗakin Baba. Na shiga da gudu. Ga shi a ƙasa, ya sunkuya kai har gwiwa, yana lalube yana jawo akwatin kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado, don kada baƙo ya tarar da shi kwance da rana.

Ni da Umma muka ɗago shi, sai na ga ɗigon ja a jikin bandejin, yana faɗi a hankali. Wallahi ban san yadda muka isa asibiti ba.

Likita ta kwance bandejin, ta haska idon, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ɗaga hannu. "Yatsu nawa, Baba?"

Na riƙe ƙarfen gado.

"Biyu," ya ce. "Kamar a cikin hayaƙi."

Ta ce jini ya taru a ciki, sai nan da mako za a san ko idon zai tsira. Ta tambaye shi me ya tashe shi.

"Tun safe nake jin tsintsiya," in ji Baba. "Kowa na aiki, ni ina miƙe kamar gawa."

Da muka dawo na ɗauki tsintsiyar na jefa bayan ƙofa. Na ja kujera kusa da gadonsa na zauna, Umma ma ta zauna. Kwanuka na jibge ba a wanke ba, hannuna har ƙaiƙayi yake.

"Wa ke nan?" ya tambaya.

"Ni ce, Baba."

"Me kike yi?"

Shekarata talatin da biyu, amma sai na ji kamar an kama ni da laifi. Saura kaɗan in ce ninkin kaya nake.

"Ba komai. A zaune nake kawai."

Na jira faɗa. Sai ya saki gefen gadon, ya lalubo hannuna ya riƙe gam.

"To kada ki tashi," ya ce. "Duhun nan tsoro yake ba ni."