Gwiwoyin Mamuna Mai Koko

Duk mai shan koko da sassafe a unguwar Akwatialine ya san Mamuna, ya kuma san lokacin da teburinta ya ɓace daga bakin layi. Cutar daji aka gano a nononta na hagu. Aka cire shi a babban asibiti, ta sha ƙarin ruwan magani har gashinta ya zube, ya sake tsirowa fari-fari. Da ta samu ƙarfin komawa bakin tukunya, likita ta ɗora ta a kan wata 'yar ƙwaya fara, ɗaya kullum, ta ce shekaru za ta yi tana sha don kada cutar ta samu abin da za ta ci ta sake tashi.

Zafi ne ya fara zuwa. Tana cikin zuba wa mutum koko sai ta ji kamar an buɗe murhu a ƙirjinta, ya hau wuya, ya hau fuska, gumi ya jiƙa hijabin sharkaf. Wannan ta daure, ta ce ai dama mai sana'ar wuta ba ta rabuwa da gumi. Amma da ƙasusuwa suka shiga, sai hankalinta ya tashi. Ta farka yatsu sun ƙage, ludayi ma sai ta riƙe shi da hannu biyu. Gwiwoyi suka ƙi lanƙwasuwa, har ta kai in ta yi sujada sai ta dafa bango kafin ta miƙe.

Akwai wata Maame Adwoa da suka yi kwanciya a asibiti gado kusa da gado, mace mai barkwanci, wadda cutar ta koma mata ƙashin baya, ba ta tashi ba. Matar nan Mamuna take tunawa duk lokacin da ƙugunta ya sara. Ta yanke wa kanta hukunci: abin ya dawo. Ba ta faɗa wa mijinta Bawah ba, don tana ganin mutumin ya sha wahala da jinyarta ta farko, har ɗinkinsa ya tsaya. Sai faɗa ya yi mata yawa. Ya tambaye ta ya jiki, ta ce, "Malam, ka bar ni da tambaya mana." Shi kuma ya ɗauki hularsa ya tafi shago.

Wata ranar Lahadi ta aika aka kira mata ƙanwarta Sala daga Dichemso. Ta rufe ƙofa, ta zaunar da ita a bakin gado.

"Sala, in ta Allah ta kasance, ke za ki yi mini wanka. Kada ki bari mata su cika ɗakin suna kallon tabon nan."

Sala ta dube ta sama da ƙasa. "Yaya, wane likita ya ce miki mutuwa za ki yi?"

"Jikina ya faɗa mini."

"Jikinki ya yi karatun likita ne? Ei, Yaya! Tun yaushe kike ɓoye wannan?"

Mamuna ta fashe da kuka, ta zayyana mata komai, har da cewa ta fara tunanin daina shan ƙwayar, tunda ga dukkan alamu ba ta tare komai ba. Sala ba ta lallashe ta ba. Ta ce ta shirya, gobe kafin rana ta yi zafi za su hau trotro, motar haya, su tafi asibiti.

Likitar matashiya ce, tana jin Hausa kaɗan-kaɗan, tana cike giɓin da yaren Twi. Ta matsa nan, ta lanƙwasa can, ta tura su ɗaukar jini da hoton ƙashi. Kwanakin jiran sakamako Mamuna ba ta san ɗanɗanon abinci ba. Ranar da suka koma, likitar ta juyo musu da allon kwamfuta, ta nuna farin ƙwarangwal.

"Mma, duba. Ƙashinki babu komai. Babu cuta ko kaɗan."

"To ciwon fa?"

"Maganin ne. Yana rage sinadarin mata a jiki, shi ne abincin cutar. Amma gaɓoɓi ma suna son sinadarin nan, shi ya sa suke kuka. Zafin da gumin, har da saurin fushi, duk shi ne. Mata da yawa suna fama da haka."

Mamuna ta tsaya tana kallon hoton kamar na wata baƙuwa. Sai dariya ta ƙwace mata, hawaye na zuba.

"'Yar nan, me ya sa ba ku faɗa mini ba?"

"Na faɗa, Mma, ranar da na rubuta miki shi."

"Ta faɗa," in ji Sala. "Ina wurin. Ke kina can kina lissafin shekarun da za ki yi kina haɗiya."

Likitar ta roƙe ta kada ta kuskura ta daina sha. Ta ba ta maganin rage ciwo da na ƙarfafa ƙashi, ta ce ta riƙa tafiya a ƙafa kullum ko da gwiwa na ƙorafi, ta jiƙa hannu a ruwan ɗumi kafin ta kama aiki, ta sa tufafin auduga marasa nauyi. In an jima abin bai sassauta ba, akwai wata ƙwayar da za a canza mata. Mamuna ta tambaya ko ciwon zai tafi gabaki ɗaya. Likitar ta ce ba ta yi alkawari ba, amma zai zama abin da za a iya zama da shi.

A hanyar dawowa Mamuna ta ce su sauka tun a Ashanti New Town, su ƙarasa a ƙafa, tunda an ce tafiya magani ce. Gwiwoyin suna sara kamar yadda suka yi jiya, amma yau ba su ba ta tsoro ba. Ta tsaya ta sayi soyayyar doya da yaji, ta cinye a tsaye a bakin titi, abin da ta sha yi wa 'yan mata faɗa a kai.

Suka tarar da Bawah a ƙofar shago, keken ɗinki a rufe, bai taɓa shi ba tun safe da ya ga sun nufi asibiti. Ya miƙe, ya kasa tambaya.

"Malam, cutar ba ta dawo ba," in ji Mamuna. "Maganin ne kawai."

Ya koma kan benci a hankali, ya cire hula ya rufe fuska da ita. Can ya ce, "Na ga kina dafa bango in kin idar da salla. Na ji tsoron in tambaya ki ce e."

"Ashe mu biyu muke ɓoye abu ɗaya."

"Alhamdulillahi," ya ce, ya sake cewa, ya sake.

Zafin nan ya taso mata daidai lokacin, daga ƙirji zuwa fuska. Ta zauna kusa da shi, ta sassauta hijabi, ta ce wa Sala ta miƙo mata kwalin da ke kan tebur. Bawah ya riga ta ɗauka, ya shiga yi mata fifita, mutane na wucewa suna kallo, ko a jikinsa.