Sunan da Takarda Ta Cinye

Shekara biyu na yi ina zana haruffa a kan teburin da ke bayan injin buga takardu na yayana. Ba irin haruffan littafin makaranta ba. Nawa a karkace suke, duk sun jingina dama kamar masu sauri, kowanne da 'yar ƙafa a ƙarshensa. Inda alƙalami ya sauko, layin ya yi kauri sosai. Inda ya hau, ya sirance kamar silin gashi. Wannan bambancin shi ne kyansu, kuma nan ne rauninsu yake.

Na faɗa wa Yaya haka ya fi sau shurin masaƙi.

"Waɗannan na manyan rubutu ne, Yaya. Allon shago, bangon littafi, kanun talla. Ka ƙanƙanta su, siraran layukan su ɓace, takarda ta cinye su."

"Na ji, Auta, na ji. Kin mayar da ni ɗan aji ɗaya."

Ya ji kuwa. Yayana ba ya mantuwa, sai abin da ya ga dama.

Da wani kamfanin turare ya ga haruffan ya ce yana son su a allunan tallansa, Yaya ya fara tafiya kamar ƙasa ba ta isa ta ɗauke shi ba. Ya ce za mu buga ɗan littafi mai nuna haruffan gaba ɗaya, a raba wa kamfanin da sauran masu ɗab'i. Abu ɗaya na roƙa: a sa sunana, a san wa ya zana. A gaban Inna ya yi alkawarin, har da dafa ƙirji. Inna, wadda ta sha yi min faɗa cewa zan kashe idona a kan zane, ta ce a ajiye mata guda, za ta nuna wa maƙwabta.

Ranar da aka gama bugu na shiga shago da safe, ƙamshin tawada ya tare ni tun daga ƙofa. Na zari guda. A bango ga sunan shagon, wanda kuma sunan Yaya ne, da haruffana manya-manya, kowane siririn layi tsaf. Wallahi sun yi kyau, har hawaye suka cika min ido. Na bi shafi-shafi ina neman kaina. Sai a can ƙasan shafin ƙarshe na ga wasu 'yan ɗigo a jere kamar kashin ƙuda. Na ƙirga layuka masu kauri da suka tsira. Sunana ne.

Da farko na ba shi uzuri, don jini ba wasa ba ne. Na ce kuskure ne. Na nufi wurin Baba mai inji, tsohon da yake juya injin nan tun zamanin mahaifinmu.

"Baba, dubi abin da injinka ya yi min."

Ya goge hannu da tsumma, ya jawo aljihun tebur, ya shimfiɗa min takardun gwaji uku. A ta farko sunana ya fito raɗau. A ta biyu ya ragu, amma mai ido zai karanta. Ta uku ita ce irin wadda ke hannuna.

"Sau uku yayanki ya sa na buga, 'yata. Kowacce sai ya miƙa hannu da ita ya duba daga nesa, ya ce a ƙara ragewa."

Ashe darasin da na koya masa ya riƙe shi da kyau. Da ya cire sunan gaba ɗaya, da ban ji zafi haka ba. Zama ya yi ya auna, da ilimin da na ba shi da bakina, daidai inda zan ɓace.

Na same shi a ofis yana jera littattafan a kwali.

"Me kuma? Ai ga sunanki nan," in ji shi, bai ko ɗago ba. "Alkawari dai na cika. Kamfani da shago yake hulɗa, Auta, ba da 'yan bayan inji ba."

Na buɗe baki, sai ga sallamar Inna. Ta ci ado, ta zo karɓar nata. Ta sa tabarau, ta je bakin taga, ta juya littafin gaba da baya.

"Auta, ina sunan naki?"

Na ɗora yatsa a wurin. Ta kai shi dab da hancinta, ta yi tsaki.

"Kai, wannan ai datti ne. Ku masu shago ba ku da tsafta."

Ta lashi babban yatsanta ta shiga gogewa. Na dubi Yaya, ya dubi kwalinsa. Na bar ta ta goge.