Tsayuwar Bidi

Kusoshi huɗu ne da ƙarafa biyu a tsaye, farare fat a cikin baƙin hoton. Likita ya ɗaga hoton ƙashin saitin taga yana nuna su da bakin biro, yana yabon aikin hannunsa. Tsohon ya duba, bai ga komai ba sai irin gyaran da ake yi wa ƙofar barga idan katakonta ya tsage. Ya bar likita ya gama bayaninsa kaf, sannan ya yi tambaya ɗaya da ta kawo shi: yaushe zai hau doki?

Likita ya ce wata tara sun cika, ƙashi ya kama ƙarfe, yana iya gwadawa. Amma tafiya kawai, a hankali, ban da sassarfa, ban da sukuwa. Ya ƙara da cewa ya kamata ya sani, gaɓoɓin nan na ƙasan baya an ɗaure su ke nan har abada, ba za su ƙara lanƙwasa ba. Tsohon ya ɗauki rabin farko na maganar ya sa a aljihu. Rabin ƙarshen a kan teburin likita ya baro shi.

A filin koyar da hawa da ke bayan gari ba mai kiransa da sunansa. Saki-linzami ake ce masa, domin shekara arba'in tsawar da ke fita daga bakinsa ke nan. Duk wanda ya zo koyo, ɗan gata ne ko ma'aikacin ofis mai tumbi, da ya damƙe linzami kamar mai jan guga zai ji ta a tsakar kansa. A wurin tsohon, mai jan bakin doki da ƙarfe ba mahayi ba ne, kaya ne aka ɗora. Ƙaimi bai taɓa hawa dugadugansa ba, bulala kuwa ya hana a shigo da ita fili. Doki, in ji shi, da ƙugu ake yi masa magana. In kana so ya tafi, ka saki ƙugunka ya bi motsinsa. In kana so ya tsaya, ka miƙe bayanka, ka ƙanƙame shi, ka riƙe numfashi. Karatun ke nan, amma a cikin mutum ɗari da ƙyar biyu suke haddace shi.

Wanda ya haddace shi fiye da kowa doki ne. Bidi suke ce masa, saboda launinsa. Tsohon ya karɓe shi yana ɗan wata shida, ƙafafu kamar sillen kara, ya yi shekara goma sha ɗaya yana koya masa. Har ta kai mutane kan jingina da shinge su kalli yadda yake zagaya fili hannuwa naɗe a ƙirji, linzami kwance a wuyan doki, Bidi yana tafiya yana juyawa yana tsayawa kamar yana jin abin da ke ran mutumin.

Abin da ya fi ci wa tsohon rai shi ne, ba doki ne ya karya shi ba. Simintin wurin wankin dawaki ne, da ruwan sabulu, da bokiti a hannu. Santsi ya ɗebe shi ya maka bayansa a bakin dakali. Matarsa, idan masu dubiya suka tambaya, sai ta ce faɗuwa ya yi a wurin aiki, ta bar su su ƙarasa labarin da kansu. Ya san don shi take yi, bai kuma taɓa yi mata godiya ba.

Wata tara ya yi yana haddace ɗakinsa. Katifa a kan allon katako, tabon yoyon ruwa a silin, ƙusar da ke bango inda hularsa ta hawa take rataye. Matar ce ke juya shi, ita ke goge masa jiki, ita ta riƙe shi ranar da ya fara taku uku zuwa ƙofa yana zufa kamar wanda ya yi noma. Kullum da yamma ƙanensa yakan shigo da warin doki a jikinsa. Ƙarami kowa ke ce masa, ko da yake gemunsa ya yi fari, domin shekara talatin ya yi yana aiki a ƙarƙashin yayansa yana shan faɗa. Tsohon ba ya tambayar lafiyarsa ko ta iyalinsa. Bidi ya ci? An duba kofatonsa na hagu? Wa ke hawansa? Ƙarami ya ce shi kaɗai ke hawa, kuma yadda aka koya masa. Tsohon ya ce in ya kuskura ya taɓa wa dokin nan baki, to, kada ya bari ya warke.

Mai wurin, wato mai filin hawan, shi ma ya zo dubiya sau biyu. Mutum ne mai kirki, irin kirkin da ke sa mutum ya ji kunyar kansa. Ya ce wurin tsohon yana nan, amma mai koyar da hawa dole ya iya hawa. In baya ya ƙi, akwai ɗakin ajiyar sirdi, akwai kujera da fanka, sai ya riƙa ba da kaya yana karɓa, Ƙarami ya riƙe fili. Ya ce ranar Asabar da safe zai zo ya gani da idonsa, zagaye uku kawai.

Ranar Asabar matar ta tsaya a bayansa tana ɗaura masa faffaɗan bel ɗin da asibiti suka ba shi. Ta ja, ta sake ja.

"Malam, in ka sake karyewa, sai dai ka nemi mai juya ka. Ni ma nawa bayan ya gama aiki."

"Ɗaure kawai."

Ta ɗaure. Ta ciro hular daga ƙusa, ta kakkaɓe, ta miƙa masa ba tare da ta dube shi ba.

Barga tana nan yadda ya bar ta, sai dai an sauya wurin ajiye tsintsiya, ya kuma yi magana a kai. Bidi ya jiyo muryarsa tun daga ƙofa, ya yi wata 'yar haniniya ƙasa-ƙasa, irin wadda ba ya yi wa kowa. Da aka fito da shi ya sa hanci a ƙirjin tsohon, ya gangara ya shinshina bel ɗin, ya daɗe a wurin. Tsohon ya duba sirdi, ya sa yatsu biyu ƙarƙashin majayi, ya ce an matse da yawa. Ƙarami ya sassauta, ko da yake daidai yake.

Sai batun hawa. Ya sa ƙafa a likkafa, ya kama geza, jikinsa ya ƙi tashi. Ya sake gwadawa. Ƙarami ya je ya jawo ɗan matakalan katakon da ake ajiyewa don sababbin masu koyo, ya dire a gefen doki, ya juya kansa yana duban wani wuri. Mai wurin ma, da ke tsaye a bakin shinge da 'yar bulalarsa ta ado a hannu, ya shiga duba wayarsa. Tsohon ya taka matakala ɗaya, biyu, uku, ya ɗaga ƙafa da taimakon hannunsa, ya zauna.

Duniya ta koma tsayin da ya san ta. Ya hango rufin barga, ya hango titi da motocin da ke wucewa, ya ji ɗumin doki yana ratsa cinyoyinsa. Ya ajiye linzami a wuyan Bidi, ya naɗe hannuwa a ƙirji, ya ce wa dokin su tafi, yadda ya saba faɗa masa da ƙugu.

Bidi bai motsa ba.

Kunnuwansa biyu sun juyo baya, suna saurare. Tsohon ya sake faɗa. Dokin ya ɗaga ƙafar gaba, ya riƙe ta a sama kamar mai shawara, ya mayar da ita inda take. Ya tsaya cak, ƙafafu huɗu a jere, irin tsayuwar da a da ake tafa masa saboda ita.

Jini ya hau wa tsohon ka. Ya juyo da wuya, tunda baya ba ya juyuwa, ya dubi ƙanensa. Ya ce ya sani, tun yana kwance ya sani. Wata tara kacal aka bar masa amana ya kashe ta. Ya ce hannun da bai iya riƙe bokiti daidai ba shi aka ba Bidi, ga shi an mayar da shi jaki. Ya tono laifuffukan shekara talatin, har da goɗiyar da ta tsinke igiya tun suna samari. Ƙarami ya ce jiya ma ya hau shi, lafiya ƙalau ya tafi. Wannan ya ƙara wa wutar mai.

"Ranka ya daɗe, ara mini wannan," in ji tsohon, ya miƙa hannu ga mai wurin.

"Yaya, kada ka yi," in ji Ƙarami.

Mai wurin ya miƙa masa. Tsohon ya riƙe bulalar kamar abin da bai san kansa da gindinsa ba. Ya ɗaga, ya zabga wa Bidi a cinya.

Dokin ya zabura gaba taku uku. Wani zafi ya taso wa tsohon daga ƙugu ya soke shi har ƙeya, ya ƙanƙame jiki, numfashinsa ya ɗauke. Nan take Bidi ya tsaya, ya tattara ƙafafunsa a ƙarƙashinsa a hankali don kada ya girgiza wanda ke kansa. Fatarsa tana rawa. Kunnuwan nan suna nan a baya, suna jira.

Ƙarami ya tako ya zo. Ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi: ya ɗora tafin hannunsa a ƙasan bayan yayansa, a kan bel ɗin.

"Yaya, saki nan."

"Na saki."

"Ba ka saki ba."

"Na ce maka na saki."

"To, shi bai ji ba," in ji Ƙarami, muryarsa ƙasa yadda mai wurin ba zai jiyo ba. "Tun da ka zauna a kansa kake ce masa ya tsaya. Kai ka koya masa."

Tsohon ya nemi ƙugunsa a cikin jikinsa, wurin nan da ya yi shekara arba'in yana magana da shi, ya tarar da ƙarfe biyu da kusoshi huɗu. Rabin maganar da ya baro a teburin likita ta biyo shi har fili. Ya dubi cinyar Bidi. Shatin bulalar ya taso, dogo, ya ratsa gashin.

Mai wurin ya ƙaraso, aka yi masa bayani, fuskarsa ta washe. Ya ce ai wannan ba matsala ba ce. A sake horar da dokin kamar sauran dawaki, a koya masa dunduniya da linzami, ya daina kula da abin da baya ke faɗa. Ya tambayi Ƙarami kwana nawa zai ɗauka. Ƙarami ya ce mako biyu ko uku, in an dage, yana magana yana duban ƙasa. Mai wurin ya ce to shi ke nan, zai jira, tsoho ya riƙe filinsa.

Tsohon ya san gaskiya ne. Ya san ma yadda ake yi, ya ga ana yi a wasu wurare: a yi ta dukan haƙarƙari da dunduniya har doki ya gane cewa abin da yake ji a bayansa ba magana ba ce, nauyi ne kawai. Mako uku, a kurmantar da abin da aka yi shekara goma sha ɗaya ana buɗe masa kunne. Bayan nan kowane mai tumbi zai iya hawansa.

Ya miƙa wa mai wurin bulalarsa. Ya ce ya gode, amma a bar dokin yadda yake. Ƙarami ya ci gaba da hawansa, hannunsa ba laifi. Ƙarami ya ɗago kai ya dube shi, domin bai taɓa jin haka daga bakinsa ba, amma tsohon yana kallon tsakanin kunnuwan Bidi.

Ya ce a bar shi ya ɗan zauna. Suka ja baya suka bar shi. Ya zauna a tsakiyar fili, hannuwa a kan sirdi, rana tana hawa, ƙudaje suna sauka a wuyan dokin suna tashi. Bidi bai ɗaga ko kofato ba. Da masu koyo na farko suka fara shigowa da motocinsu, ya ce a kawo matakala. Saukar ta fi hawan wuya. Ya shafa shatin bulalar da tafin hannu, sau ɗaya, sannan ya tambayi inda makullin ɗakin ajiya yake. Ya leƙa ɗakin, ya ga kujerar, ya ga fankar, ya ga sirdi bakwai a jere duk suna bukatar mai.

Da ya koma gida matar tana bakin ƙofa, kamar tun safe ba ta gusa ba. Ta dube shi daga hula har takalmi, ta ga ba ƙasa a jikin rigarsa. Ta zagaya bayansa ta fara kwance bel ɗin.

"Yaya mutumin naka? Bai manta da kai ba?"

"Bai manta ba," in ji tsohon. Ya cire hular ya mayar da ita kan ƙusa. "Duk abin da na ce masa, shi ya yi."