Pozitif

Shekarar da gero ya ƙone tun bai fitar da kai ba, sojoji kuma suka karɓi mulki, a shekarar ce Gidan Amumune ya samu taimakon da ba wanda ya roƙa. Mutane sun zuba ido su ga babbar mota da buhunan hatsi. Abin da ya iso farar motar wani furoje ce na masu aikin agaji, da akwatin sanyi, da Cha'ibu likitan dabbobi daga Tasawa. Jinin karnuka suka zo aunawa. Wai kafin a sake yi wa kare allurar rigakafin hauka sai an duba ko ta bara tana aiki, kada a yi asarar magani. Mu da ba a taɓa auna jininmu ba tun da aka haife mu, muka ce madalla.

Yunana ya kai nasa. Manomi ne, dattijo a ƙaramar majami'ar garin, fari ya cinye masa garke ya bar masa awaki biyu. Awakin nan kuwa ba addu'a kaɗai ke tsaronsu ba. Akwai Ƙyale-su, jan kare mai yagaggen kunne, wanda dila bai taɓa ƙetare shi ba. Yunana yakan gutsura masa daga ɗan tuwon da ya samu, matarsa Marta tana harara. Son karen nan yake, bai kuma taɓa ɓoyewa ba.

Ran kasuwa aka yi aikin a gindin gawo. Cha'ibu ya ɗebi jini a ƙafar Ƙyale-su, ya ɗiga a kan wata 'yar farar roba, ya jira, ya leƙa.

"Bon. Naka pozitif na, Baba. Ba sai an yi mai allura ba. Tahi da shi. Na gaba!"

Iyakar bayanin ke nan. Mai ilimi ai ba ya ɓata yawunsa.

Yunana kuwa ya san kalmar nan fiye da yadda yake so. Ita aka faɗa wa ƙanensa Iliya a asibiti bayan ya dawo daga cirani, aka sallamo shi gida, bai ga kaka ba. Yanzu ga shi an ce ko allura kada a ɓata wa karen. Ga kuma raɗe-raɗin da ya cika kasuwa, wai soja sun ce duk karen da ya haukace a harbe, wanda ya ɓoye nasa kuma a kulle shi.

"Marta, haukan kare na," ya ce da ya isa gida. "Lokotoro ya ce pozitif."

"Wane irin hauka? Dube shi hwa, bindi yaka kaɗa maka."

"Iliya ma da ƙahwahunai ya shigo gidan ga."

Bai yarda soja ya taɓa masa kare ba. Da kansa ya ja shi bayan gari, ya zuba masa ragowar fura, ya jira ya lashe ƙwarya, sannan ya ɗaga gatari. Ya haƙa rami mai zurfi ya rufe shi. Ya dawo yana kuka, bai damu da wanda ya gan shi ba.

Kasuwa ta zagayo, farar mota ta dawo, har da mai ɗaukar hoto. Cha'ibu na hango Yunana ya washe baki.

"Yawwa Baba, kai muka nema! Ina jarumin? Dut garin ga shi ɗai na jininai ya cika da ƙarhi. Hoto za a ɗauke shi a kai Yamai."

"Ba kai ka ce pozitif ba?"

"Eh mana. Garkuwa ta. Cuta ba ta iya yi mai komi."

Yunana ya waiga ya dubi karnukan mutane.

"To, waɗanda ba pozitif ba hwa?"

"Ragwaye na. Su munka yi ma allura."

Yunana ya juya ya kama hanyar gida. Karnukan maƙwabta, ragwayen, kowanne da allurarsa a jiki, suka bi shi da haushi har bakin turken awakinsa.